Neman Masauki A Gwanahwato, Tsohon Birnin Azurfa Na Ƙasar Meksiko

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya san cewa abin da ya fi damun baƙo, in ya sauka a garin da bai sani ba, shi ne inda zai sa haƙarƙarinsa. A yawancin biranen duniya na yau wannan ya zama abu mai sauƙi: mutum ya duba hotunan ɗakuna a intanet, ya ga farashi, ya biya, mota ta ɗauke shi ta kai shi har bakin ƙofa. Amma akwai garuruwan da wannan dabara ba ta ci a cikinsu. Ɗaya daga ciki shi ne birnin Gwanahwato, wanda mutanen ƙasar ke rubutawa Guanajuato, babban birnin jiha mai wannan suna a tsakiyar ƙasar Meksiko.

Ni kaina na koyi wannan darasi ne da gwiwoyina. Na kama ɗaki a wani ƙaramin gidan baƙi saboda hoton da na gani na saman soronsa, inda ake hango gari duka, gidaje ja da shuɗi da ruwan ɗorawa sun hau kan juna. Taswira ta nuna mini cewa tsakaninsa da tsakiyar gari bai fi tafiyar 'yan mintoci ba. Da na iso da dare, direban tasi ya tsaya a bakin wani lungu, ya sauke mini akwati, ya nuna sama da yatsa, ya ce iyakar mota ke nan. Na fara ƙirga matakala ina hawa, da na wuce ɗari sai na bar ƙirga na koma neman numfashi. Taswira ba ta yi mini ƙarya ba, sai dai ita tsawo take aunawa, ba ta auna tudu. Garin kuwa yana kan tsaunin da ya kai wajen mita 2,000 daga gaɓar teku, watau ya ɗara Jos tudu nesa ba kusa ba, saboda haka wanda bai saba ba yana hawa kaɗan zai ji ƙirjinsa na bugawa.

Kafin mai karatu ya gane yadda ake zaɓen masauki a wannan gari, sai ya san dalilin da ya sa aka gina shi a inda mai hankali ba zai kafa birni ba. Dalilin azurfa ce. Wajen tsakiyar ƙarni na 16 Turawan Sifen, waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi, suka gano azurfa a cikin duwatsun wurin. Jama'a suka yi ta kwarara, kowa ya kafa gidansa a gefen wani ƙunƙuntaccen kwazazzabo da kogi ke bi ta tsakiyarsa, ba tare da an auna tituna an shata su kamar yadda aka yi a Puebla ko Wahaka ba. A shekarar 1741 Sarkin Sifen ya ba wurin matsayin birni. Daga shekarun 1760 kuma mahaƙar Valenciana, wadda ke kan tudu a arewacin garin, ta zama ɗaya daga cikin mahaƙan azurfa mafi arziki a duniya. Da wannan dukiya aka gina manyan majami'u da gidajen attajirai a ƙasan kwari, leburorin haƙa kuwa suka yi ta manna 'yan gidajensu a jikin dutse, suna hawa sama. Hanyoyin da suka bari a tsakani na mutum ne da alfadari. Ana kiransu callejón, watau lungu, wasu ma mutum biyu ba su iya jerawa a ciki.

Kogin nan ya sha yi wa garin ɓarna. An yi mummunar ambaliya a 1760, aka sake yi a 1780, har ya sa aka cike wani sashe na tsakiyar gari aka ɗaga tituna, aka binne ƙasan waɗansu gine-gine. Aka kuma yin wata a 1905. Daga baya aka juya ruwan, sa'an nan a shekarun 1960 aka mai da tsohuwar hanyar kogin ta zama titin mota a ƙarƙashin gari, aka kuma ƙara fasa waɗansu hanyoyi ta cikin duwatsu. Shi ya sa yau baƙo zai ga motar haya ta sauke shi a cikin rami mai fitilu, ya hau matakala, ya ɓullo a tsakiyar dandali. Hukumar UNESCO ta sa garin da mahaƙansa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1988.

To, ga abin da wannan tarihi ya haifar wa mai neman ɗaki. Tambayar farko da zai yi wa mai masauki, tun kafin ya tambayi kuɗi, ita ce: mota tana zuwa ƙofar gidan? In ba ta zuwa, a ina take tsayawa, kuma matakala nawa ne daga nan? Mai gidan kirki zai faɗi gaskiya, wani ma zai ce zai aiko yaro ya taya ɗaukar kaya. In ya yi ta kewaye-kewaye yana yabon kyan abin da ake hangowa daga sama, to, baƙo ya sani cewa kyan hange a garin nan da ƙafa ake biyansa, kuma ba sau ɗaya ba, duk lokacin da aka sauko cin abinci sai an sake biya. Ga saurayi mai jini a jika wannan ba kome ba ne. Ga wanda ya zo da tsohuwa, ko mace mai ciki, ko mai ciwon hawan jini, yana iya ɓata tafiyar ɗungum. Akwai wani ɗan jirgi da ake ja da igiyar ƙarfe daga bayan gidan wasan kwaikwayo na Juárez zuwa gunkin Pípila da ke kan tudu, yana kuwa sauƙaƙa wa masu masauki a wannan gefe, amma ba ya kwana yana aiki, wanda ya yi dare sai ya hau da ƙafa ko ya biya tasi ya zagaya da shi ta titin da ya kewaye garin ta bisa duwatsu.

Sunayen masaukan ma suna bukatar a yi musu bayani, domin allon da ke ƙofa yana faɗa wa mutum abubuwa da yawa. Casa de huéspedes gida ne na iyali wanda aka ware ɗakuna kaɗan don baƙi, sau da yawa mai gidan na zaune a ciki. Posada ƙaramin masauki ne mai sauƙin kuɗi, ko da yake yanzu waɗansu masu tsada sun ari sunan don ya yi daɗin ji. Hostal kuwa yawanci na matasa ne da 'yan makaranta, gadaje da yawa a ɗaki guda, banɗaki na tarayya. Akwai kuma waɗanda ake ce wa hotel boutique, tsofaffin gidajen attajirai da aka gyara aka ƙawata, ɗakuna kaɗan, kuɗi mai yawa. Abin da ya kamata mai iyali ya kiyaya shi ne wuraren da aka rubuta wa motel ko hotel de paso a bakin hanya wajen gari. A Meksiko waɗannan da awa ake kama su, kuma kowa ya san don me.

Mesón shi ne sunan da ya fi daɗewa. A zamanin mulkin Sifen, ayarin alfadarai ne ke ɗauko hatsi da gishiri da kayan aiki zuwa mahaƙai, su koma da azurfa, a kan babbar hanyar sarki wadda ta tashi daga birnin Meksiko ta nausa arewa har cikin ƙasar da yau take jihar New Mexico ta Amurka. Mesón shi ne inda ayarin ke sauka: ƙofa mai faɗi da dabba za ta shige da kayanta, babban fili a tsakiya, ɗakuna kewaye. Wanda ya san yadda fatake ke sauka a gidan fatoma ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗaya daga cikinsu, Mesón de San Antonio, yana nan tsaye, jami'ar garin ke amfani da shi wajen harkokin al'adu. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuma shi ne sunan ginin da ya fi kowane shahara a garin, watau Alhóndiga de Granaditas. Rumbun hatsi ne aka gina shi, aka gama a 1809, a nan ne kuma ranar 28 ga Satumba 1810 mayaƙan Miguel Hidalgo suka afka wa Turawan Sifen da suka fake a ciki, a farkon yaƙin neman 'yancin kai. Kalmar alhóndiga asalinta Larabci ce, al-funduƙ, wadda Larabawa ke kiran otal da ita har gobe. Ta shiga bakin mutanen Sifen ne a zamanin Andalus, ta haye teku tare da su.

Ba ita kaɗai ta haye ba. Tsarin gidan ma ya biyo ta. Tsohon gidan mai hali a Gwanahwato yana juya wa titi baya. Daga ƙofa za a shiga zaguán, wanda aikinsa ɗaya da na zaure, sa'an nan a faɗa tsakar gida mai furanni da baranda kewaye, ɗakuna duk suna fuskantarta. A sama akwai azotea, watau saman soro, a ƙasa kuma wani lokaci akwai aljibe, ramin tara ruwa. Duka kalmomin nan uku daga Larabci suka fito. Gida ne da aka tsara don iyali ɗaya da barorinsu, ba don baƙi ashirin da ba su san juna ba, a nan kuwa wahalar take.

Idan aka mai da irin wannan gida masauki, ɗakunansa sukan kasu biyu, kuma dole baƙo ya zaɓa. Ɗakin da ake kira exterior yana da baranda a kan titi, da haske, da iska. Wanda ake kira interior yana fuskantar tsakar gida, sau da yawa ba shi da taga ko ɗaya sai ƙofa, wani ma bangonsa na baya jikin dutsen ne, saboda haka da damina yana iya yin danshi da warin fumfuna. Hoto ba ya nuna wari. Mutum zai ce, to, me ya hana mai gida ya fasa taga, ko ya sa na'urar hawa bene? Doka ce ta hana. Tun 1982 aka sa tsakiyar garin cikin yankunan gine-ginen tarihi, duk wanda zai taɓa tsohon gini kuwa sai da iznin hukumar INAH mai kula da kayan tarihi na ƙasa. Wannan doka ita ta tsare wa garin kyansa, ita ce kuma ta sa ɗaki mai tsada yake iya zama a hawa na uku, ba hanyar kai wa gare shi sai ƙunƙuntacciyar matakala. A lura kuma, abin da suke kira primer piso, watau hawa na farko, bene ne. Mai son ɗakin ƙasa sai ya ce planta baja.

Ga alama ɗakin da ke kan titi ya fi, amma fa kada mutum ya yi gaggawa. Gwanahwato gari ne na 'yan makaranta, jami'arsa tana tsakiyar gari, kuma gari ne da ba ya barci da wuri. A dandalin Jardín de la Unión makaɗa suna kaɗa wa masu cin abinci har dare ya raba. Da magariba kuma ƙungiyoyin mawaƙa sanye da baƙaƙen tufafi irin na ɗaliban Sifen na dā sukan tashi daga gaban majami'ar San Diego, su ja taron baƙi suna bin lunguna da kiɗa da shewa, abin da ake kira callejoneada. A daren farko baƙo zai fito baranda ya yi kallo yana murna. A dare na uku, in lungunsa na kan hanyarsu, zai gwammace ɗakin da ba shi da taga. Ga ƙararrawar majami'u da sassafe, ga rokokin wasa masu ƙara kamar harbin bindiga da ake sakewa a ranakun bukukuwan waliyyansu tun kafin gari ya waye, ga karnukan da ake ajiyewa a saman soraye. Da yake garin a cikin kwari yake kamar ƙwarya, kowace ƙara sai ta bugi dutse ta dawo. Har tsakar gidan ma tana da nata, domin duk wanda ya dawo da tsakar dare yana dariya, ɗakuna duka sai sun ji.

A ganina, wanda ya zo hutawa ko ya zo da yara ya fi kyau ya ja baya kaɗan daga tsakiya. Titin Paseo de la Presa, wanda ya miƙe zuwa tsohuwar madatsar ruwa ta La Olla, yana da faɗi, mota na bi, ga manyan gidaje na ƙarni na 19, kuma shiru ne da dare. Unguwar Marfil da ke bakin gari tana da tsofaffin gidajen sarrafa azurfa masu lambuna, sai dai duk fitar da za a yi sai da mota. Wanda ya zo don kallon gari na kwana biyu kuwa, ya nemi ɗaki a ƙasan kwari kusa da titin Positos, inda gidan da aka haifi mai zanen nan Diego Rivera a 1886 yake, ya haƙura da hayaniya.

Lokacin zuwa shi ma yana canja lissafi. A watan Oktoba na kowace shekara ake yin bikin Cervantino, wanda aka fara a 1972, makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo daga ƙasashe da yawa suna cika garin har fiye da mako biyu. A wannan lokaci ɗakuna kan ƙare tun da watanni, kuɗinsu ya tashi, waɗansu masaukai kuma ba su ba da kwana ɗaya. Haka abin yake a makon Ista, da 15 da 16 ga Satumba lokacin bikin 'yancin kai, da 1 da 2 ga Nuwamba lokacin da suke tunawa da matattunsu. A sauran kwanaki, musamman tsakiyar mako, mai gida kan yi ragi in mutum ya yi magana da shi kai tsaye, balle in zai yi mako guda. Damina daga Yuni ne zuwa Satumba, ruwa kan sauko da yamma ya mai da matakalar lunguna kamar rafi. A Disamba da Janairu rana tana da daɗi, amma dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, yawancin tsofaffin gidaje kuwa ba su da abin ɗumama ɗaki, kaurin bangon da ke sanyaya su a watan Mayu shi ke riƙe sanyin. Sai a tambayi yawan barguna.

Ruwan famfo ba a shansa. Masaukin kirki yana ajiye babbar gorar ruwa mai lita 20 inda baƙi za su ɗiba. Ruwan wanka daga tankin saman soro yake saukowa, ana ɗumama shi da gas, saboda haka a ƙaramin gida wanda ya makara yana iya tarar da na sanyi, kuma da rani ruwa kan yi ƙaranci a garin baki ɗaya. In an ga kwando a gefen masai da 'yar sanarwa, ana roƙo ne kada a jefa takarda a ciki, domin tsofaffin bututu ba su ɗauka. Wutar lantarkinsu volt 127 ce, soket ɗin kuma irin na Amurka, sai mutum ya zo da abin haɗawa.

Batun karin kumallo yana bukatar a faɗe shi tun da wuri. Girkin Meksiko yana amfani da kitsen alade, wanda suke kira manteca, a wuraren da baƙo ba zai zata ba: a cikin soyayyen wake, da tamal, wani lokaci har da enchiladas mineras, abincin da garin ke alfahari da shi, watau wainar masara da aka tsoma a miyar barkono aka soya, aka haɗa da dankali da karas da cuku. A babban otal ma'aikacin da ke kawo abinci sau da yawa bai san abin da aka zuba a tukunya ba. A gidan baƙi kuwa wadda ta girka ita ce ta kawo, in aka ce mata sin manteca, sin puerco, za ta soya ƙwai da mai, ta kawo 'ya'yan itace. Wannan yana cikin dalilan da suka sa na fi son ƙaramin gida. A can ne ma aka miƙo mini wani jan abin sha da suke kira agua de jamaica, na kurɓa sai na ji zoɓo ne tsantsa. Ba abin mamaki ba ne, domin Meksiko tana cikin manyan masu sayen zoɓorodon da ake nomawa a Jigawa da Kano.

Game da taurarin da ake liƙawa a ƙofa, kada su ruɗi kowa. Tsarin da ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kafa ya dogara ne ga mai otal ya auna kansa da kansa, kuma tauraro ba ya ƙirga matakala. Abin da ya fi amfani shi ne karanta abin da baƙin da suka kwana kwanan nan suka rubuta, musamman masu ƙorafi, in mutum uku suka ambaci hayaniya ko danshi, to, akwai su. A tambaya kuma ko farashin ya haɗa da haraji, domin akwai harajin IVA na kashi 16 cikin 100, ga kuma harajin masauki na jiha a kansa. Ƙananan gidaje da yawa sun fi son tsabar kuɗi na peso. In an nemi kuɗin kafin alƙalami, sai a karɓi shaida a rubuce wadda ta ambaci ranaku, da irin ɗakin, da sharaɗin mai da kuɗi in tafiya ta fasu. Akwai hukumar kare masu saye, Profeco, wadda ake kai wa ƙara, amma baƙon kwana uku ba shi da lokacin shari'a. A al'adar garin ba laifi ba ne mutum ya nemi a nuna masa ɗaki kafin ya biya, ya buɗe famfo, ya taɓa bango, ya shinshina.

Akwai kuma gidajen da ake haya ta Airbnb da makamantansa, inda baƙo zai tarar da mabuɗi a cikin ɗan akwatin ƙarfe, ya shiga ya fita bai ga mai gida ba. Waɗansu suna da kyau ƙwarai, ga su da ɗakin girki. Amma a garin da lunguna suka sarƙe kamar saƙar gizo, waya ma tana ruɗewa a cikinsu, mutumin da ya san wuri ya fi mabuɗi daraja. Jihar Gwanahwato ta yi ƙaurin suna wajen kashe-kashe tsakanin ƙungiyoyin miyagu tun daga wajen 2018, galibi a garuruwan masana'antu irin su Celaya da Irapuato da Salamanca. Babban birnin ya fi su kwanciyar hankali nesa, duk da haka akwai lungunan sama da ba a bi da tsakar dare, mai gidan da ke zaune a unguwa kuwa shi ne zai ce bi nan, kada ka bi can, shi ne kuma zai kira direban da ya sani.

Filin jirgin saman da ke kusa yana Silao, kimanin kilomita 30 daga garin. Daga birnin Meksiko kuwa motar safa takan yi wajen awa biyar, ta sauke mutane a tashar da ke bayan gari, daga nan sai tasi. Da na koma karo na biyu, na shirya tafiyata yadda zan iso da rana tsaka, na bar babban akwati na ɗauki jakar goyo, na kuma rubuta wa matar da ke da gidan tun daga tasha. Ta ce in gaya wa direba ya sauke ni a dandalin Baratillo, in tsaya kusa da maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiya. Ban yi minti biyar ba sai ga jikanta ya zo ya karɓi jakar. Daga nan zuwa ƙofar gidan matakala goma sha ɗaya ne, ɗakin kuma na tsakar gida ne, can ƙurya, bayan bishiyar lemo.